Babi Na Shida: Sawun Doki A Kan Taswira

Ranar hawa, tambaya ɗaya ce take yawo a bakin jama'ar da suka cika Ƙofar Fada a birnin Zazzau: "Sun iso ina?" Dattijo ya tambayi yaron da ya ɗare katanga, yaron ya tambayi na kan bishiya, na kan bishiya kuwa ƙura kawai yake hangowa. Wani ya ce yanzu suka baro Ƙofar Doka, wani ya rantse ya ji tashin bindiga a Babban Dodo. Ga ɗan kallo wannan ɗokin yana cikin daɗin Sallah. Ga ɗan agaji, ko direban motar asibiti, ko dogarin da aka ce ya buɗe hanya, rashin amsar wannan tambaya kan iya zama sanadin rai.

Na ga haka da idona a wata Sallah. Doki ya firgita da ƙarar bindiga, ya yi baya, ya take wani yaro a bakin wani lungu. Nan da nan 'yan agaji biyu suka iso, suka ɗaure masa ƙafa. Motar da za ta ɗauke shi tana cikin gari, ba ta yi nisa ba, amma waya ta ƙi shiga. Da ta shiga a karo na biyar ko na shida, sai direba ya ce, "Wane lungu?" Ɗan agajin ba ɗan unguwar ba ne. Ya ce kusa da wani masallaci, gefen mai shayi. Masallatai nawa ne a cikin ganuwa, masu shayi nawa? A ƙarshe a kafaɗa aka ɗauki yaron, aka ratsa taro da shi har bakin titi. Allah ya kiyaye, ya rayu. Kowa a wurin ya yi iya ƙoƙarinsa, ba mai laifi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin inda kowa yake a daidai wannan lokacin.

Ƙin shigar waya ranar taro ba tsautsayi ba ne, lissafi ne. Kowane turken sadarwa yana da iyakar kiran da zai iya ɗauka lokaci guda, kuma kamfani yakan kafa shi gwargwadon buƙatar ranakun yau da kullum. Idan dubban mutane suka taru wuri ɗaya, kowa yana kira, kowa yana ɗora bidiyon mahaya a Facebook da TikTok, sai turken ya cika maƙil. Sabis yakan gaza a daidai sa'ar da aka fi buƙatarsa. Mun kuma ga wata fuskar matsalar a 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk tsarin da ya jingina da turken kamfani, ranar da turken ya yi shiru shi ma ya yi shiru.

Akwai wasu mutane a duniya da suka daɗe da koyon magana ba tare da turken kowa ba. Su ne masu rediyon sha'awa: mutanen da suka yi jarrabawa, gwamnatin ƙasarsu ta ba su lasisi da lambar kira, suka kafa eriya a gida suna hira da takwarorinsu na kusa da na nesa, ba don kuɗi ba. Lambar kiran ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U. A Amurka da Turai da Japan suna da yawa ƙwarai, kuma al'adarsu ce su ba da kansu kyauta ranar taro ko ranar bala'i. A gasar gudun fanfalaki ta Boston, ɗaruruwansu ne suke jeruwa a kan hanya kowace shekara, suna haɗa rumfunan magani da motocin kwasar waɗanda suka gaji. Ranar 15 ga Afrilu, 2013, da bama-bamai biyu suka tashi kusa da ƙarshen tseren, layukan waya suka cushe, amma rediyonsu ya ci gaba da aiki, suka taimaka wajen tattara dubban 'yan tseren da aka tsayar a hanya.

Murya kaɗai tana da rauni. Idan mutum talatin suna kan zangon rediyo ɗaya, kowa yana cewa ga ni a wuri kaza, sai baki ya yi yawa, mai rubutawa ya rikice. Wani injiniya mai suna Bob Bruninga, mai lambar kira WB4APR, wanda ya yi shekaru yana aiki a kwalejin horar da hafsoshin sojan ruwa ta Amurka da ke Annapolis, shi ya fara tunanin a bar na'ura ta faɗi inda take da kanta. A 1982 ya rubuta manhaja a kwamfutar Apple II da take ɗora rahoton wuraren jiragen ruwa a kan taswira. A 1984 ya gyara ta a wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna VIC-20, kuma aikin da ya yi da ita shi ne abin da ya sa na rubuta wannan babi: bin sawun dawakai a wani tseren juriya na mil 100, wato kimanin kilomita 160. A kowane zangon tseren a shigar da labarin dokin da ya wuce da halin da yake ciki, rediyo ya watsa, kowa ya gani a allonsa. Daga nan tsarin ya girma, aka haɗa shi da na'urar GPS a farkon shekarun 1990, ya zama abin da ake kira APRS a yau. Bruninga ya rasu a watan Fabrairun 2022. Fasahar da ya bari, a bayan doki ta fara koyon tafiya, kuma har yau a cikin alamomin da take zanawa a taswira akwai hoton doki, kusa da na motar asibiti da na keke.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. A ɗauki rediyon hannu, irin wanda muke kira oba-oba, a haɗa shi da na'urar GPS da take karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam ta gane inda take. Duk bayan minti ɗaya ko biyu sai ya saki wani ɗan gajeren sauti mai kama da kukan gyare, wanda bai cika wuce daƙiƙa ɗaya ba. A cikin wannan sautin an ƙunshe lambar kira, da wurin da mutum yake, da saurin tafiyarsa, da inda ya dosa, da 'yan kalmomi idan yana so. Saurin aikawar 1200 ne na ɗigon bayani a daƙiƙa, abin da wayar zamani za ta raina, amma ya wadatar da wannan aiki. A Amurka ta Arewa ana amfani da zangon 144.390, a Turai da yawancin ɓangarenmu na duniya 144.800. Duk rediyon da ya ji sautin, idan an haɗa shi da kwamfuta, sai alamar mai aikawa ta bayyana a taswira, ta riƙa matsawa tana barin sawu a bayanta.

Irin wannan zango a miƙe yake tafiya kamar haske, ba ya son shamaki. Oba-oba mai ƙarfin wat biyar a cikin lungu, tsakanin katangun ƙasa masu kauri da rufin kwano, ba zai yi nisa ba. Don haka ake ɗora wata tasha a wuri mai tsayi, aikinta kawai ta ji saƙo ta maimaita shi da ƙarfi, kamar yadda sanƙira yake ɗaukar maganar sarki ya ɗaga ta kowa ya ji. A nan Allah ya yi wa Zariya gata. Ƙasar shimfiɗe take, ga duwatsu sun taso a tsakiyarta: Kufena, Tukur-Tukur, Madarkaci. Tasha guda mai batir da farantin sola a kan ɗaya daga cikinsu, ko a kan wani dogon bene, za ta iya jin cikin ganuwa da Tudun Wada da Sabon Gari, har ta miƙa wajen Samaru da Shika. Akwai kuma wata tashar da take zama ƙofa tsakanin iska da intanet: abin da ta ji sai ta zuba a yanar gizo, mutum a Kaduna ko Landan ya buɗe shafin aprs.fi, wanda wani ɗan ƙasar Finland, Heikki Hannikainen, ya gina, ya ga alamar tana tafiya. Amma wannan ƙari ne. Ko babu intanet ko kaɗan, waɗanda suke cikin fili suna ganin juna.

Manhajojin da suke zana taswirar suna da yawa, akasarinsu kyauta. Xastir tana aiki a kan Linux, kuma ana iya ajiye mata taswira a cikin kwamfuta tun kafin ranar. UI-View ta marigayi Roger Barker ɗan Ingila ta yi tashe a zamaninta. APRSdroid tana mai da wayar Android ta zama na'urar aikawa idan an jona ta da rediyo. Dire Wolf kuma tana sa 'yar kwamfutar Raspberry Pi, mai girman tafin hannu, ta yi aikin fassara sautin nan zuwa rubutu. Abin da ya fi burge ni a cikinsu bai shafi bin sawu ba. Mai kula da taswira yana iya dasa alama da hannunsa a duk inda ya ga dama, ya raɗa mata suna, nan take ta fito a allon kowa: nan ga rumfar magani, nan ga ruwan sha, nan an tare hanya, nan mahayi ya faɗi. Sunan alama ba ya wuce harafi tara. Na ƙirga da yatsa, na tarar KofarDoka tara ne cif, Kuyanbana ma tara. Sai dai tsarin bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, dole a rubuta su ba lanƙwasa. Ana kuma iya aika ɗan saƙo da bai wuce harafi 67 ba, na'urar wanda aka aika wa ta amsa cewa ya isa.

To, a ɗauka an kafa wannan a Zariya ranar Hawan Daushe ko Hawan Bariki. Tebur guda a wani ɗaki kusa da fada, da kwamfuta da allo babba. Mutum biyu masu lasisi a zaune, tare da wakilin 'yan agaji, na 'yan sanda, na jami'an kula da hanya na KASTLEA da na masarauta. Kowace motar asibiti da na'urarta. Kowace tawagar agaji, ta Red Cross ce ko ta Fityanul Islam ko ta Izala ko ta Jama'atu, da mai rediyo guda a tare da ita. Ɗaya a gaban jerin dawakai, ɗaya a can wutsiya. Wannan na wutsiyar ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin shi ne zai nuna wa masu kula da hanya lokacin da titi ya koma na motoci. Idan aka ce yaro ya faɗi, na tebur ba zai tambayi kowa kwatance ba. Zai ga ɗan agajin a allo, ya ga motar da ta fi kusa, ya ga inda dawakai suka toshe, ya ce wa direba kada ya bi ta nan, ya zaga ta can ya nufi asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko kuwa raunin na asibitin Shika ne.

Akwai iyaka, kuma gara a faɗe ta. Zango ɗaya ne kowa yake amfani da shi, idan na'urori biyu suka yi magana lokaci guda saƙonnin duka biyu sun lalace. Tasha ashirin ko talatin za su zauna lafiya idan aka tsara musu tazara, amma wanda ya ce zai rataya wa kowane doki na'ura a hawan da mahayansa suka kai ɗaruruwa, ya kashe tsarin da hannunsa. Na biyu, GPS yakan yi kuskuren mita biyar zuwa goma, har fiye da haka a inda gine-gine suka rufe sama. Kafin watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar da gangan, kuskuren yakan kai mita 100. A babban titi mita goma ba komai ba ne. A cikin birni, inda lungu bai fi faɗin jaki da kayansa ba, mita goma na iya jefa ka bayan katangar wani gida da ƙofarsa take wata unguwa dabam. Saboda haka murya ba za ta taɓa barin aiki ba. Allo ya kawo ka kusa, ɗan unguwa ya shigar da kai.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi a wurina. Dokar rediyon sha'awa a ko'ina ta hana ɓoye saƙo. Duk abin da ka aika, kowa mai rediyo da 'yar kwamfuta zai iya karantawa, idan kuwa ya shiga intanet to duniya ce ta gani. A ƙasar da muke fama da masu garkuwa da mutane, ba hankali ba ne a liƙa wa dokin Mai Martaba ko motar wani babban baƙo na'urar da take shelar inda suke duk minti ɗaya. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: a bi sawun masu hidima, a bar masu sarauta. Motar asibiti, tankar ruwa, rumfar da ake tara yaran da suka ɓata, waɗannan ba wanda zai cutu don an san inda suke. Tsaron sarki aikin dogarai ne da jami'an tsaro, da nasu hanyoyin sadarwa na sirri. Kuma ranar taro a rufe ƙofar intanet ɗin nan, abin ya tsaya a iska tsakanin masu aiki.

Duk wannan magana tana tsaye ne a kan abu guda, wato taswira, kuma nan ne gizo yake saƙar. Manhaja ba ta san Zazzau ba. Ka buɗe taswirar birnin a waya, za ka ga manyan tituna da suka taso daga ƙofofi suka haɗu wajen fada da kasuwa, amma tsakaninsu akwai ɗaruruwan lunguna da ba su da suna a allo, wasu ma ba a zana su ba. Alhali a ƙasa kowane yana da suna, ko na gidan malamin da ke bakinsa, ko na rimi ko durumin da ya taɓa tsayawa a wurin, ko na sana'ar mutanensa. Kwarbai, Juma, Iya, Kaura, Limancin Kona, Albarkawa, Magajiya: mutumin cikin gari yana jin sunan ya ga hanyar a zuciyarsa, ya san inda mota take shiga, inda sai babur, inda kududdufi yake cika da damina ya yanke hanya. Taswirar gaskiya ta birnin tana cikin kawunan masu unguwanni, da 'yan acaba, da 'yan ga-ruwa, da tsofaffin ungozomomi. Ɗigo mai motsi a kan farin fili ba ya ceton kowa.

Ba sabon aiki ba ne a Arewa, mun taɓa yin irinsa. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna, tun wajen 2012, an riƙa ba tawagogin rigakafi wayoyi masu GPS suna ajiye sawun duk inda suka taka, daga baya a ɗora a kan taswirar da aka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam. Ƙungiyar eHealth Africa da ke da babban ofishi a Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Da aka kwatanta da tsofaffin taswirorin da ake zanawa da hannu, sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka da ba a taɓa lissafawa da su ba, sai ga unguwannin da ake cewa an gama alhali ba a shiga ba. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Matasan Kano da Kaduna da Katsina ne suka yi tafiyar ƙafar, da yawa daga cikinsu kuma suka zauna gaban kwamfuta suka yi zanen. Hannun da ya iya wancan zai iya wannan. Kuma akwai OpenStreetMap, taswirar duniya da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa yake da izinin gyarawa da ƙarawa, kuma manhajojin da na ambata suna iya amfani da ita.

Hawa kuma ba shi kaɗai ne taro ba. Akwai Sallar Idi a filin Ƙofar Doka, akwai Maulidi, akwai jana'izar manya irin ta Sarki Shehu Idris a watan Satumban 2020, wanda ya yi shekara 45 a kan gadon sarauta, ranar da birnin ya cika ya batse. Akwai kuma abin da ba ya sallama. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. A irin wannan sa'a jama'a sukan yi tururuwa da kyakkyawar niyya, hanyoyi su toshe, kowa ya ɗaga waya lokaci guda. Ƙungiyar da ta saba aiki tare ranar farin ciki, ta san na'urorinta, ta san lungunanta, ita ce za ta iya tsayawa da ƙafarta ranar baƙin ciki. Shi ya sa masu rediyon sha'awa a ƙasashen waje suke ɗaukar hidimar tsere da bukukuwa a matsayin atisaye.

Gaskiya ce mai ɗaci cewa masu wannan lasisi a Nijeriya 'yan kaɗan ne, a Arewa kuma sun fi ƙaranci. Oba-oba kirar Baofeng ta cika kasuwa, 'yan sintiri da masu gadi suna riƙe da ita, amma mallakar rediyo dabam, izinin hawa zangon masu sha'awa dabam. Wanda ya hau ba lasisi ya karya doka, a yanayin tsaron da muke ciki kuma zai iya jawo wa kansa zargin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Hanyar a buɗe take: akwai ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasa, NARS, akwai jarrabawa, akwai lasisin gwamnatin tarayya. Kuma idan akwai garin da bai kamata ya rasa irin waɗannan mutane ba, to Zariya ce. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da injiniyan lantarki da sadarwa da ilimin safiyo da taswira. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964, kullum cikin magana ta rediyo take, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masu gyaran na'urorin sadarwa. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Ɗaliban Bruninga a Annapolis sun harhaɗa ƙaramin tauraron ɗan'adam mai suna PCSAT wanda aka harba a 2001 yana maimaita saƙonnin APRS daga sama. Ba tauraro muke nema daga namu ɗaliban ba, tasha guda muke nema a kan dutse.

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Idon duniya ya ƙara juyowa kan hawan ƙasar Hausa gaba ɗaya, baƙi za su ƙaru, taro zai ƙara cika, lungunan kuwa faɗinsu yana nan yadda kakanni suka bar shi.

Kirana ga majalisar Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli, da shugabannin ƙungiyoyin agaji, da malaman waɗannan makarantu, shi ne a fara da abin da ba ya buƙatar lasisi ko kuɗi mai yawa. A haɗa ɗalibai da masu unguwanni, su bi birnin ƙofa-ƙofa da ƙafa, su zana kowane lungu, su rubuta sunan da mutanensa suke kiransa da shi, su nuna inda mota take wucewa da inda ba ta wucewa. A lokaci guda a zaɓi matasa goma a tsaya musu su yi jarrabawar lasisi. Kai kuma mai karatu, idan ɗan cikin ganuwa ne kai, buɗe taswirar unguwarku yau ka duba ko lungun gidanku yana ciki. Idan babu shi, kai ne za ka sa shi.